Libarba a aljihu: Amsar da na ba ɗan ƙanwata a Shanga

A daren wata Alhamis cikin hunturun da ya wuce, bayan sallar isha'i, ɗan ƙanwata ya yi sallama a zaurena a garin Shanga. Matashi ne mai mata ɗaya da 'ya'ya uku, sana'arsa fataucin albasa da shinkafa. Yakan sayo a ƙauyukan bakin ruwa, ya kai Yawuri, wani lokaci ya zarce da kaya har Kwantagora. Da muka gama gaisawa sai ya gyara zama, ya ciro waya ya kunna mini wani bidiyo. Wani Ba'amurke ne zaune gaban teburi, ya jera ƙananan bindigogi guda huɗu, yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya yana bayani kamar mai tallar agogo.

Da bidiyon ya ƙare sai ya ce, "Kawu, kai ne mai jin Turanci sosai. Wacce ya ce ta fi? Wadda ba ta da nauyi nake so, wadda zan sa a aljihu babu wanda ya sani."

Na tambaye shi inda zai same ta. Ya ce akwai wanda ya yi masa tayi. Ban tambayi sunan mutumin ba, shi ma bai faɗa ba.

Ban yi masa faɗa ba, domin na san abin da ya kawo shi. Makonni kaɗan kafin wannan dare an tare motar da ke gaban tasu a hanya, suna kallo aka kora mutane cikin daji. Tun daga ranar ba ya barcin kirki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma amsar da na ba shi a daren ba ta wadatar ba, kuma na lura ba shi kaɗai ke wannan tunani ba a ƙasar Yawuri, daga Shanga har Ngaski. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta cikakkiyar amsar a wannan fili, ko wani zai amfana.

Bari mu fara da ita kanta bindigar, domin bai kamata mu ƙi abu ba tare da mun san shi ba. Libarba ƙaramar bindigar hannu ce mai ganga a tsakiya, gangar tana da ramuka, kowane rami da harsashinsa. Duk lokacin da aka ja kunama sai gangar ta juya ta kawo harsashi na gaba. Kakanninmu sun fara ganinta ne a ƙugun hafsoshin Turawa, daga bakinsu kuma sunan ya shigo Hausa. Irin wadda Ba'amurken nan yake yabo, kamar Smith & Wesson samfurin 642 ko Ruger LCR da ta fito a 2009, harsashi biyar take ci, tsawon bakinta bai kai inci 2 ba, nauyinta kuma bai kai rabin kilo ba, saboda ba da zallar baƙin ƙarfe aka ƙera jikinta ba. Abin da ake yabonta da shi shi ne sauƙin sarrafawa, da wuyar cijewa, da kuma yadda take ɓacewa a cikin tufafi.

Sai dai su kansu masu sayar da ita ba sa ɓoye aibinta. Duk yadda bindiga ta rage nauyi, haka shurinta yake ƙaruwa a hannun mai harbi, domin babu jikin da zai shanye ƙarfin albarushin. Gajartar bakinta tana sa saiti ya yi wuya. Kunamarta tana da tauri, wanda bai saba ba hannunsa zai karkace kafin harsashi ya fita. In biyar ɗin nan suka ƙare, sake ɗura ta aiki ne mai cin lokaci, ballantana ga hannun da ke rawa. Saboda haka masu koyar da harbi a can suke cewa makami ne na 'yan taku kaɗan, kuma yana bukatar atisaye a kai a kai. An yi ta ne domin mutumin da ɓarawo ɗaya zai tare a lungu ko a wurin ajiye motoci, a ƙasar da doka ta ba shi izinin riƙe ta, da filin koyon harbi a bayan gari, da shagon sayar da harsashi mai rasit.

Yanzu mai karatu ya ajiye wannan hoto a gefe, ya ɗauko namu.

Ranar 17 ga Yunin 2021, da rana tsaka, 'yan bindiga a kan babura suka afka wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri a Ƙaramar Hukumar Ngaski. Akwai 'yan sanda masu gadin makarantar, kuma da bindigogi a hannunsu. An kashe ɗaya daga cikinsu, aka tafi da ɗalibai da malamai masu yawa. 'Yan matan ƙarshe ba su dawo gida ba sai a 2023, wasu da goyo. A watan Maris na 2022, a yankin Sakaba da ke masarautar Zuru, 'yan sa-kai suka yi gangami daga ƙauyuka daban-daban domin su tari maharan. Labari ya riga su isa, aka yi musu kwanton ɓauna, aka kashe fiye da 60 a dare ɗaya. Waɗannan ba matsorata ba ne, kuma ba hannu sake suka fita ba. A watan Nuwamban 2024 mutanen Mera a Ƙaramar Hukumar Augie suka bi sawun Lakurawa domin ƙwato shanunsu, aka yi jana'izar mutum 15. A ranar 17 ga Nuwamban 2025 kuma aka shiga makarantar 'yan mata ta Maga, aka kashe mataimakin shugaban makarantar, aka tafi da ɗalibai 25.

Duk wanda ya dubi waɗannan aukuwa zai ga kamanni ɗaya. Maharan ba ɗaiɗai suke zuwa ba. Tawaga ce, biyu ko uku a kan kowane babur, mafi yawa da AK-47. Ita kuwa AK-47 harsashi 30 take ɗauka a kwanso ɗaya, tana kuma samun mutum daga nisan mita 300. Wato tun kafin mai libarba ya iya bambance fuskar wanda ke gabansa, shi an riga an sa shi a saiti. Ruwa ba sa'an kwando ba ne.

Na ce wa ɗan ƙanwata ya ƙaddara yana cikin motar nan da aka tare. Mutum goma sha biyar sun fito daga daji, sun kewaye ku. Kai kana da harsashi biyar a aljihu. Idan ka harba, ko da ka sami ɗaya, abin da zai biyo baya shi ne ruwan wuta a kan motar gaba ɗaya, har da matan da ke kujerar baya da jariransu. Idan ba ka harba ba, za su caje ka kamar yadda suke caje kowa, su tarar da ita. Daga wannan lokaci ka tashi daga ɗan kasuwar da za a nemi fansarsa, ka koma ɗan sa-kai ko jami'in tsaro a wurinsu, kuma duk ƙasar nan an san abin da suke yi wa waɗannan. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kawu, to ai gara in mutu ina faɗa." Na ce masa wannan magana ce ta namiji, amma ka tuna akwai 'ya'ya uku da ba su nemi uba jarumi a kabari ba.

Sai kuma doka, wadda yawancin matasanmu ba su san abin da ta ce ba. Dokar Makamai ta 1959, wadda har yau ake aiki da ita, ta kasa bindigogi kashi uku. Kashi na farko shi ne haramtattu, inda aka jera igwa da bama-bamai da bindigogi masu sarrafa kansu da bindigogin soja. Abin da zai ba mutane da yawa mamaki shi ne, a cikin wannan jeri aka sa libarba da duk wata ƙaramar bindigar hannu. Ba wanda ke da ikon ba da lasisinsu sai Shugaban Ƙasa. Kashi na biyu ya ƙunshi bindigogin farauta irin mai baki ɗaya da mai baki biyu, lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Kashi na uku shi ne bindigar toka ta maharba, wadda ake ɗurawa ta baki, harkarta kuma tana ƙarƙashin kwamishinan 'yan sanda na jiha. Hikimar sa libarba a sahun haramtattu ita ce ainihin abin da ɗan ƙanwata yake so a cikinta, wato ɓoyuwa. Doguwar bindiga kowa na ganinta a kafaɗa. Ƙarama kuwa tana shiga kasuwa da masallaci da wurin biki ba wanda ya sani. Hukuncin wanda aka kama da haramtacciyar bindiga ba lasisi ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ne. Ko lasisin bindigar farauta ma, a watan Agustan 2023 Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da bayar da shi.

Ma'anar wannan a fili take. Babu wata halastacciyar hanya da ɗan kasuwar albasa daga Shanga zai bi ya mallaki libarba. Duk wadda aka yi masa tayi ta bayan fage ta fito: ko an sato ta, ko an yi fasa-ƙwaurinta, ko ƙirar maƙeran ɓoye ce da kan iya fashewa a hannun mai ita. Ba ka san jinin wa ke kanta ba. Kuma mai sayar maka da ita, daga shagonsa ne su ma na daji suke sayayya. Kuɗinka ya shiga kasuwar da ke ciyar da wanda kake tsoro, shi kuma dillalin ya riƙe sirrinka a hannunsa har abada. Tsakanin Shanga da Kwantagora shingayen bincike nawa ne? A kowanne ɗaya, mai ɗauke da ita yana caca da shekara goma na rayuwarsa. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, amma ko ya yi dubu ba zai fito ba.

Wani zai ce ai Tsarin Mulki ya ba kowa 'yancin kare kansa. Gaskiya ne. Sashe na 33 na Tsarin Mulkin 1999 ya amince da amfani da ƙarfi gwargwadon bukata domin kare rai ko dukiya, dokar Final Kod ta Arewa ma ta tanadi haka. Malamanmu kuma sun karantar da mu matsayin wanda aka kashe yana kare dukiyarsa ko iyalinsa. Amma 'yancin kare kai daban, izinin mallakar haramtaccen makami daban. Sannan kalmar nan "gwargwadon bukata" alƙali ne ke auna ta, bayan ƙura ta lafa, a cikin ɗaki mai fanka. Mu tuna shari'ar Sunday Jackson, manomin Jihar Adamawa da ya ce wani makiyayi ya kai masa hari da wuƙa a gonarsa, ya ƙwace wuƙar ya kashe shi da ita. An yanke masa hukuncin kisa a 2021, Kotun Ƙoli ta tabbatar a watan Maris na 2025, bisa hujjar cewa bayan ya ƙwace makamin yana da damar gudu. Sai a ƙarshen shekarar Gwamna Ahmadu Fintiri ya yi masa afuwa, bayan ya shafe kusan shekara goma a tsare. Wannan fa da wuƙar maharin ne. Ina ga wanda ya yi kisa da bindigar da tun asali laifi ne riƙe ta?

Akwai kuma darasin Uromi. A ƙarshen watan Maris na 2025, mafarauta 'yan Jihar Kano suna kan hanyarsu daga Fatakwal zuwa gida domin Sallah, 'yan sintiri suka tare motarsu a Uromi ta Jihar Edo. Bindigogin toka aka gani a cikin kayansu, kayan sana'arsu na gado. Kafin a saurare su an yi musu tambarin masu garkuwa da mutane, aka kashe 16. A ƙasar da tsoro ya cika zukata, ganin bindiga a jikin baƙo ya isa hukunci. Ɗan ƙanwata matafiyi ne, rabin rayuwarsa a garuruwan da ba a san asalinsa ba yake yin ta.

Abu na gaba shi ne gida. Bindigar da aka saya domin ɓarayin daji, a daji za ta yi kwana nawa? Kusan duk rayuwarta a ƙarƙashin katifa za ta yi, ko a saman sif, a gidan da yara ke shiga ko'ina. Gidajenmu ba irin na Ba'amurken nan ba ne mai akwatin ƙarfe da makulli. Gida ne na gandu, da 'ya'yan wa da na ƙane da almajirai da baƙi. Kuma ita libarba irin wannan ba ta da wani makunnin tsaro da ake kashewa, jan kunama kawai take jira. Su kansu Amurkawa sun ɗanɗana. A 2021 mutum fiye da 48,000 bindiga ta kashe a ƙasarsu, fiye da rabi kuma su suka harbe kansu. Wani bincike da Dakta Arthur Kellermann da abokan aikinsa suka wallafa a 1993 ya gano cewa gidan da ke da bindiga ya fi wanda babu haɗarin a yi kisa a cikinsa kusan ninki uku, kuma galibi tsakanin dangi ne ko makusanta.

Ba sai mun je Amurka ba. Wa bai san yadda rikicin kan iyakar gona ke tashi a fadamunmu ba? Wa bai ga cacar baki a tasha a kan kuɗin lodi ba, ko a bakin ruwa a kan wurin kafa taru? Yau irin wannan faɗa yana ƙarewa da zagi, ko mari, in ya yi tsanani a fasa kai da sanda, dattawa su shiga tsakani, gobe a haɗu a sahu ɗaya. Sa libarba a aljihun ɗaya daga cikinsu, ka ga ko akwai abin da ya rage wa dattawa sai wankan gawa. Ba banza ba addini ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami ko da wasa. Zuciya ba ta da ƙashi, kuma harsashi ba ya jin "na tuba".

To amma adalci ya wajaba a kaina. Ɗan ƙanwata bai ƙirƙiro wannan tunani daga kansa ba, daga bakin manya ya ji. A watan Maris na 2018 Janar T. Y. Danjuma ya tsaya a Jalingo ya ce wa jama'a su kare kansu. A watan Agustan 2021 Gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya yi kira ga mutanensa su nemi makamai. A watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle a Zamfara ta ce za ta raba fom 500 ga kowace ɗaya daga masarautu 19 na jihar domin masu neman lasisin bindiga. Ba a kwana biyu ba rundunar 'yan sandan jihar ta ce haramcin bayar da lasisi yana nan, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, shi ma ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi, domin harkar makamai ta Gwamnatin Tarayya ce. Talaka ya tsaya a tsakiya: gwamna ya ce saya, ɗan sanda ya ce in ka saya na kama ka, ɗan bindiga ya ce ko ka saya ko kada ka saya ina nan tafe.

Na kuma yarda akwai garuruwan da suka tsaya suka kori mahara, har maharan suka daina kusantarsu. Na yarda cewa doka a yau mai bin doka kaɗai take ɗaure wa hannu. Na yarda cewa idan ɓarawo ɗaya ne ya haura katanga da adda, mai bindiga ya fi mai tabarya. Duk wannan gaskiya ne. Amma duk garin da ka ji ya kori mahara, bincika za ka tarar ba da bindigar aljihu ya yi ba. Da haɗin kai ya yi, da sintiri, da samun labari a kan lokaci, da shugabanci, da kuma jami'an tsaron da suka amsa kira. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Shi ma haɗin kan, in babu linzami, yana da nasa dafin. Masana tarihin rikicin Zamfara, irin su Dakta Murtala Ahmed Rufa'i na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, sun nuna yadda kisan gilla da wasu 'yan sa-kai suka riƙa yi wa Fulani a kasuwanni ba tare da shari'a ba ya taimaka wajen mayar da satar shanu yaƙin ramuwar gayya. Kisan 'Yar Galadima na watan Afrilun 2014, inda aka hallaka mutum fiye da 100, a wurin taron 'yan banga aka yi shi. Ƙasar Yawuri ƙasa ce ta Gungawa da Shangawa da Kambari da Dukkawa da Fulani da Hausawa da Sarkawa masunta. Kasuwa ɗaya muke ci, jirgi ɗaya muke shiga. Ranar da kowace ƙabila ta fara tara makamai a ɓoye saboda tsoron 'yar'uwarta, ranar mun gama yi wa ɓarayin daji aikinsu.

Mu mutanen bakin ruwa muna da misalin da ya isa. Ranar 26 ga Mayun 2021, makonni uku kafin harin Birnin Yawuri, jirgin ruwa ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse a kusa da Wara. Waɗanda aka ceto da rai ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. A cikin waɗanda suka rasu akwai gwanayen iyo, amma iyo bai cece su ba, domin jirgin ne ya tsufa kuma aka yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa. Da a ce bayan wannan musiba wani shugaba ya fito ya ce maganin abin shi ne kowa ya je ya koyi iyo, da mun ce ya raina mana hankali. Abin da muka nema shi ne jirage masu lafiya, da rigunan kariya, da hana lodin wuce kima, da hana tafiyar dare. To shugaban da ya ce wa talaka ya sayi bindiga, cewa ya yi kowa ya koyi iyo. Sashe na 14 na Tsarin Mulki ya ce tsaro da walwalar jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati. Wanda ya karɓi rantsuwa a kan wannan ba shi da ikon ya juyo ya miƙa mana kayan ya ce mu ɗauka.

Saboda haka kirana ga hukuma ne kafin ya zama ga matasa. Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a watan Oktoban 2023, Zamfara ta ƙaddamar da Askarawa a watan Janairun 2024. Ba su rasa kurakurai ba, amma aƙalla akwai doka a bayansu, da rajista, da horo, da albashi, da wanda za a tuhuma in an yi ɓarna. Abin da ƙasar Yawuri ke bukata ke nan: 'yan sintirin da hakimai da dagatai suka tantance, waɗanda suka ƙunshi kowace ƙabila har da Fulanin da su ma ake sace wa shanu, makamansu a rubuce, a ajiye su a ma'ajiya ɗaya, a fitar da sa hannu a mayar da sa hannu, duk wanda suka kama kuma su miƙa shi ga hukuma da ransa. Muna bukatar jami'an tsaro na ruwa a tafkin Kainji da mashigan kogin Kwara, domin ruwan da ke ciyar da mu shi ne kuma hanyar da ba ta da shinge. Muna bukatar layin waya mai aiki a ƙauyuka, da lambar da in an kira za a ɗauka, a kuma zo. Masarautar Yawuri, ƙarƙashin Mai Martaba Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, tana da mutuncin da za ta tara kowa a inuwa ɗaya. 'Yan majalisarmu na tarayya kuma su daina kewaye-kewaye a kan batun 'yan sandan jihohi da gyaran dokar 1959. Idan za a bar manomi ya riƙe bindigar farauta a gonarsa, a faɗa a fili, a tsara, a yi rajista. In ba za a bari ba, gwamnoni su daina tura talaka inda za a ɗaure shi.

Shi kuwa ɗan ƙanwata, shawarar da na ba shi ba ta da armashi irin na bidiyo. Na ce ya daina yawo da tsabar kuɗi tunda ana iya turawa ta waya. Ya daina faɗar ranar tafiyarsa da abin da ya sayar a majalisa, domin masu kai rahoto a cikinmu suke, ba daga sama suke faɗowa ba. Kada ya kama hanya da asuba ko bayan la'asar sakaliya. Su haɗa kai da abokan sana'arsa su riƙa tafiya tare, suna tuntuɓar direbobin da suka riga su wucewa. Kuɗin da ya ware domin libarba kuma ya raba biyu, rabi ya sa a asusun sintirin unguwarsu, rabi ya gyara ƙofar gidansa da katanga. Na gaya masa gaskiya cewa duk wannan ba lamuni ba ne, tsari na Allah ne. Amma kowanne daga cikinsu yana rage haɗari, alhali ita bindigar aljihu ƙara shi take yi: a hanya, a shinge, da kuma cikin ɗakin matarsa.

Ya daɗe yana juya wayar a hannunsa. Can ya ce, "Kawu, na ji. Amma in sun zo fa?"

Ban da amsar da za ta sa shi barci a daren nan, kuma ban yi masa ƙarya ba. Na ce masa wannan tambaya ba ni ya kamata ta tayar wa hankali ba, da ni da shi duka masu jiran amsa ne. Masu amsar suna Birnin Kebbi da Abuja, kuma mu muka sa su a can. Ya tashi ya yi mini sai da safe. Bayan mako biyu mahaifiyarsa ta aiko mini cewa ya mayar wa mutumin da amsa, ya ce ba ya so. Har yanzu yana bin hanyar Yawuri duk mako, har yanzu kuma in ya fita ba ta samun sukuni sai ta ji sallamarsa.

Allah Ya tsare matafiyanmu na tudu da na ruwa, Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya ba shugabanninmu ikon sauke nauyin da suka yi rantsuwa a kansa, amin.